Mai tausa yana jan hannun Baba har ya yi hawaye, wai jijiya ce take farkawa

TAMBAYA

Assalamu alaikum likita, dan Allah ina cikin damuwa sosai. Mahaifinmu ne ya samu shanyewar ɓarin jiki yau sati 7 kenan, ɓangaren dama, dama can yana da hawan jini da suga. Kwananmu 9 a asibiti aka sallame mu da magunguna aka ce mu riƙa zuwa gashi, amma ranar da aka rubuta mana da nisa, kuma daga garinmu zuwa can kuɗin mota ba kaɗan ba ne. Sai Baffanmu ya kawo wani mai tausa da aka ce ya tayar da mutane da yawa, kullum da safe sai ya zo ya shafa masa man zafi ya gasa hannun da ƙafar da tawul da ruwan zafi, sannan ya kama hannun ya ɗaga sama ya ja da ƙarfi har sai Baba ya yi hawaye, in mun yi magana ya ce ai haka ake so, zafin nan jijiya ce take farkawa. Ƙafar dai alhamdulillahi ya fara takawa in an riƙe shi, amma kafaɗar yanzu ciwo take masa ko barci ba ya yi, bayan hannun ya kumbura, jiya kuma na ga fatar damtsensa ta ɗuri ruwa. Maganarsa ba ta fita sosai balle ya faɗa mana abin da yake ji. Ni ce ƙarama a gidan kuma mace, in na yi magana a ce na fiye iyayi. Da gaske ciwon nan alamar sauƙi ne? Mu ci gaba ko mu bari? Kuma hannun zai dawo kuwa?

Daga wata 'yar'uwa a jihar Jigawa

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ce, ke kuma ba iyayi kike yi ba, kin ga abin da sauran ba su gani ba ne. A dakatar da jan hannun nan da gashin ruwan zafin yau ɗin nan, ba gobe ba. Ciwon da yake ji ba wata jijiya da ke farkawa, rauni ake ji masa a kafaɗa kullum safiya, abin da kika gani a damtsensa kuma ƙuna ce, a jikin mai suga. Kar a fasa ta, kar a shafa mata man goge baki ko toka, a rufe da ƙyalle mai tsabta a nuna wa ma'aikacin lafiya ko a asibitin garinku ne.

Yanzu bari in zauna a kan maganar nan ta "jijiya tana farkawa", ki yi haƙuri zan daɗe, don wallahi ita ce ta fi komai ƙona min rai a wannan aikin namu na fisiyo, wato gashin asibiti, kullum sai an kawo mana wanda aka lalata wa kafaɗa da ita. Ranar da abin ya samu Baba babu abin da ya taɓa hannunsa. Ƙashin lafiya lau, naman lafiya lau, jijiyoyin da ke cikin hannun su ma lafiya lau. A kai abin ya faru, ko hanyar jini ta toshe ko ta fashe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa dama ta shanye, shi ya sa kuma maganar ta taɓu tunda yawancin mutane wurin magana a hagun yake. Wurin da ke ba hannun umarni ne ya samu matsala. To ki faɗa min, in taransifomar unguwa ta ƙone, sai ki kwance ƙwan fitilar ɗakinki ki yi ta murza shi kina gasawa wai don wuta ta dawo? Abin da mutumin nan yake yi kenan, nasa ma ya fi muni, don kafin a gyara wutar ya riga ya fasa ƙwan.

Ita kafaɗa ba irin ƙugu ba ce da kan ƙashi ya shige rami mai zurfi ya zauna daram, ramin kafaɗa ba shi da zurfi ko kaɗan, tsokoki ne ke riƙe da kan ƙashin a wurinsa dare da rana ba mu ma sani ba. Da ɓarin jiki ya shanye, a makonnin farko tsokokin nan sakewa suke yi laƙwas, sai nauyin hannun shi kaɗai ya riƙa jan ƙashin ƙasa. Ki gwada da kanki: a zaunar da Baba a cire masa riga, ki tsaya ta bayansa ki ɗora yatsa daidai ƙarƙashin ƙashin nan da ke saman kafaɗa, in kika ji wani ɗan gurbi da yatsanki ya faɗa, wanda babu shi a ta hagun, to gaɓar ta riga ta zame. Hannun da ke rataye a haka da ƙyar, shi ne wani ƙato yake kamawa ta wuyan hannu ya finciko sama.

Kuma ɗaga hannu sama da kafaɗa ba aikin gaɓa ɗaya ba ne. In mai lafiya ya ɗaga, allon kafaɗa juyawa yake yi yana bin hannun, ƙashin damtse shi ma ya murɗa waje don ya kauce wa ƙashin da ke samansa. A hannun da ya shanye duk wannan ba ya faruwa da kansa, allon yana nan a maƙale, in aka ɗaga da ƙarfi sai kan ƙashin ya daki na sama ya matse naman da ke tsakani, yau a matse gobe a matse har ya kumbura ko ya yage, shi ne ciwon da ke hana shi barci. Mu da aikinmu ne ma ba ma wuce tsayin kafaɗa da irin wannan hannun sai mun riƙe allon da hannu ɗaya mun juya shi tukuna. In jan ya yi yawa har jijiyoyin da suka bi ta hammata suka sauka hannu ana iya ji musu rauni, kinga nan an haɗa masa ciwo biyu, ko ƙwaƙwalwar ta fara aiko saƙo ba hanyar da zai bi. Kumburin bayan hannun kuma wani lokaci rashin motsi ne da barin hannun yana lilo, wani lokaci kuma farkon wata matsala ce da ke haɗa kafaɗa da tafin hannu, fatar ta yi sheƙi ta yi ɗumi, yatsu su sandare, ko riga ce ta taɓa wurin sai mutum ya zabura, in ta zauna watanni ake yi ana fama da ita.

Kar kuma a ɗora wa mai tausa laifin shi kaɗai, a gida ma ana yi da kyakkyawar niyya. Za a tayar da Baba daga tabarma sai ɗa ya kama hannun da ya shanye ya ja. Za a sa shi a adaidaita sahu, mutum biyu su zura hannu a hammatarsa su ɗaga shi cak, nauyinsa duka a kan kafaɗar. Wasu har igiya suke ratayawa a azara ko a bishiyar tsakar gida, a ɗaura hannun a ce ya riƙa ja da mai lafiyar yana ɗaga shi sama wai sun gani a bidiyo a waya. Igiyar nan an daɗe da gano ciwon kafaɗa take ƙara wa masu shanyewar ɓarin jiki, in akwai ta a gidanku a kwance ta.

Sai ruwan zafin. Mai irin wannan ciwon sau da yawa ba motsi kaɗai ya rasa ba har da ji, fatar ɓangaren ba ta bambance ɗumi da zafin da ke dafa nama. Baba kuma ga suga, wadda ita ma tana rage ji musamman a ƙafa kuma ta hana ciwo warkewa da wuri, ga bakin da zai ce "wayyo ya yi zafi" ba ya fita, sannan a shafa man zafi a ɗora tawul mai tururi a kai, ai dole fata ta ɗuri ruwa. Na taɓa yaye zani daga ƙafar wata dattijuwa na tarar da ƙuna tun daga ƙwauri har idon sawu, lokacin hunturu aka ajiye mata kaskon garwashi dab da ƙafar wai jinin ya tsinke, tana zaune ba ta ji komai ba sai da 'yarta ta jiwo ƙaurin zanin. Watannin da ya kamata ta yi tana koyon tafiya duk a wankin ciwo suka ƙare. Haka masu kiran wanzami ya yi tsaga ko ya kafa ƙaho a hannun wai a fitar da mataccen jini. Babu wani mataccen jini a hannun nan, kuma in toshewa ce ta same shi da wuya a rasa maganin tsinka jini irin su asfirin cikin waɗanda aka sallame ku da su, a tsaga fatar mai suga da ke shan wannan, jini ya ƙi tsayawa ko ciwon ya ruɓe, wa gari ya waya?

Za ki ce to ya aka yi ake cewa ya tayar da mutane da yawa, ga shi ma Baba ya fara takawa? Ai nan ne wayon yake. Bayan shanyewar ɓarin jiki ƙwaƙwalwa da kanta take fara gyara, kumburin da ya kewaye wurin ya sauka, sassan da ke kusa su fara karɓar aikin, mafi yawan wannan sauƙin a wata 3 na farko yake zuwa ya ci gaba a hankali zuwa wata 6, ko an yi tausa ko ba a yi ba, kuma a mafi yawan mutane ƙafa tana riga hannu dawowa. Shi kuwa mai tausa daidai wannan lokacin ake kiransa, sauƙin da Allah ya riga ya kawo sai ya ce aikinsa ne, ya karɓi kuɗinsa har da tukuici. In hannu ya ƙi ba zai taɓa cewa shi ya ɓata ba, sai ya ce ai wannan da hannun mutane a ciki, ko iska ce, a tafi wani wurin a sake kashe wani kuɗin, a dawo ana zargin kishiya ko abokin kasuwa, zumunci ya lalace a kan abin da hawan jini ya yi. Waɗanda suka tashi kowa ya san su ana ta ba da labarinsu. Waɗanda ya bari da hannu a naɗe a ƙirji suna cikin ɗaki ba mai ƙirga su, wurinmu ake kawo su bayan shekara, yatsu sun dunƙule farce ya nutse a tafin hannu, wurin yana wari don ko ruwa ba ya shiga, a ce likita a taimaka.

Yanzu ma har da masu farar riga. Mutum ya sayi na'urar tausa mai girgiza da fitilar nan mai jan haske, ya buga kati ya ce shi likitan fisiyo ne yana bin gidaje. Akwai hukumar da ke yi wa masu wannan aikin rajista a Najeriya tun dokar 1988, MRTB ake ce mata, ita ke ba da lasisi, kuma ba rashin kunya ba ne ki ce duk wanda zai taɓa mahaifinki ya nuna lasisinsa ya faɗi inda ya yi karatu. Mu kanmu da irin wannan tunanin ake zuwar mana, in sa mara lafiya ya tashi ya zauna, ya miƙa hannu ya taɓa kofi, ya haɗa gumi, sai ɗan rakiya ya ɓata rai ya ce yau ba a yi masa komai ba tunda ba a sa masa na'ura ba. Na'ura tana da wurinta, akwai ta rage ciwo, akwai mai motsa tsoka da ɗan lantarki da kan taimaka wa kafaɗar da ta zame in wanda ya san aikin ne ya sa, amma babu wadda za a jona wa mutum yana kwance ta koya wa ƙwaƙwalwarsa riƙe cokali. Su ma asibitocinmu ba zan wanke su ba, a riƙe mutum kwana 9 a sallame shi da leda cike da magani, ba wanda ya ɗauki minti 15 ya nuna wa iyalinsa yadda ake kwantar da shi da yadda ake tayar da shi, a rubuta masa ranar gashi can gaba, ranar ma ta zo ta ƙare a layin kati da neman fayil, shi kuwa mai tausa ga shi a ƙofar gida kullum da safe, me zai hana a rungume shi.

Addu'a da tofi kuwa a ci gaba, ba abin da ya haɗa su faɗa da aikinmu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ajiye maganin hawan jini wai an koma na gida, ko a kwantar da mutum a yi masa ɗurar rubutu ko jiƙo alhali yana ƙwarewa. In Baba na tari in ya sha ruwa a faɗa wa likita, a riƙa ba shi yana zaune sosai kaɗan-kaɗan, don abin da ya bi ta hanyar iska huhu yake tafiya ya zama nimoniya.

Toh me za a yi? A fara da kare kafaɗar. In yana zaune kar a bar hannun yana lilo, a ɗora shi a kan filo a cinyarsa ko a kan ɗan tebur a gabansa, tafin a buɗe. In ya kwanta ta hagu a sa filo a gabansa a ɗora hannun daman a kai. In ba ya iya juyawa da kansa a juya shi duk awa 2 saboda gyambon kwanciya. Wajen tayar da shi ta ƙugu ake riƙewa, ko a ɗaura masa zani mai ƙarfi a ƙugun a kama nan, ya matso bakin gado, ƙafa biyu a ƙasa, ya sunkuyo gaba sannan ya miƙe. Abin rataya hannu na lokacin tsayuwa da tafiya da shiga mota ne kawai, in aka bar shi a ciki wuni guda hannun zai sandare a lanƙwashe. Riga kuma hannun da ya shanye ake fara sawa, shi ake cirewa a ƙarshe. Tunda kafaɗar ta riga ta yi ciwo ita a ƙyale ta sai an duba, amma gwiwar hannu da wuyan hannu da yatsu a motsa su kullum a hankali ana kallon fuskarsa, da ya yamutsa a tsaya nan. A wanke tafin a goge ya bushe, a yanke farce, in da zobe a cire, a riƙa shafa kumburin daga yatsu zuwa sama, shafa fa na ce ba murza ba. Ƙwallon robar nan da kowa ke saya a ce ya yi ta matsawa ni ba na ba da ita a irin wannan, don nan gaba hannun da kansa kan fara dunƙulewa, buɗewa za a yi fama da ita ba damƙa ba.

Sai ainihin aikin, wato ƙwaƙwalwar ta sake koyo, ita kuma ba ta koyo sai da maimaici, kuma sai shi Baban ne ya yunƙura da kansa. Abokan aikinmu na OT, masu sake koya wa mutum cin abinci da sa kaya da shiga banɗaki da komawa sana'a, su suka fi kowa iya wannan, sai dai ba su da yawa a ƙasar nan, makarantun da aka fi sani da horar da su ma a kudu suke, Oshodi a Legas da jami'ar Ife, shi ya sa a nan arewa sau da yawa mu muke haɗawa da nasu. A zaunar da shi gaban tebur a sa tawul ƙarƙashin hannun ya ɗan tura gaba ya dawo iya inda ba ciwo, hannun hagu na taimakawa. A ajiye kofin roba ya miƙa ya taɓa, in ya iya ya kama, in ya kama ya saki, sakin nan shi ne babban aikin. A sa masa carbinsa a hannun daman ya nemi tura ƙwaya ɗaya da babban yatsa ko da minti guda za ta ɗauke shi. Wajen alwala shi da kansa zai wanke daman da hagu. Minti 10 zuwa 15 sau da dama a wuni ya fi a tara masa awa guda ya galabaita.

Abin da zai fi ba ku wuya shi ne ku janye hannunku. Na san tarbiyyarmu, uba na fama da maɓallin riga 'ya'ya na tsaye suna kallo, abin da nauyi, kuma kowa ladan yake nema. Amma duk abin da aka yi masa wanda zai iya rabinsa da kansa an hana shi darasin ranar, a hankali ya saba da barin hannun ko da ƙarfin ya fara dawowa. Ki tsaya kusa don kar ya faɗi, ki ƙarasa masa abin da ya gagara, amma shi zai fara. Kar a ce don ba ya iya ci da dama sai a koma ba shi a baki, lalura ce, ya ci da hagu yana danne kwanon da daman. Salla ma ya yi a kan kujera, hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne, a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Kuma don maganarsa ba ta fita ba shi ne ba ya ganewa ba, da yawansu suna jin komai, dan Allah a daina cewa "ai hannun nan ya mutu" a gabansa.

Ko hannun zai dawo? Ban gan shi ba, ba zan yi miki irin alkawarin mai tausa ba. Abin da muke dubawa shi ne ko akwai ɗan motsin buɗe yatsu da ɗan ɗaga damtse gefe, komai ƙanƙantarsu, in akwai su yanzu to akwai kyakkyawan fata. In shiru ne gaba ɗaya zai yiwu ya tsaya a hannun da ke taimaka wa ɗan'uwansa, ya danne takarda, ya tallafi kwano, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne in ba ya ciwo kuma bai sandare ba. A sati 7 kuna tsakiyar lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar koyo, shi ya sa duk safiyar da ake ba mutumin nan take min ciwo. Bayan wata 6 ma ana ci gaba da samun sauƙi, sai dai a hankali.

Kar kuma hannun ya ɗauke muku hankali daga abin da ya kawo ciwon. Binciken nan na SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen jawo shi a mutanenmu. Magani kullum ko ya ji garau, gishirin wuni duka kar ya kai gram 5, ƙaramin cokali ɗaya kenan, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne. Ciwon kafaɗar nan kar ya sa a je kemis a haɗo masa, irin su dikulofenak da ibufurofen suna tayar da jini suna taɓa ƙoda, ga gyambon ciki in sun haɗu da asfirin, farasitamol dai kafin ya ga likita. In baki ya sake karkacewa ko maganar ta ƙara rikicewa ko wani ɓangaren ya saki, asibiti nan take, ba a jiran gari ya waye.

Maganar kuɗin mota na gane, kuma ba sai kun riƙa zuwa kullum ba. Ku daure ku je cikin satin nan kar ku jira ranar da aka rubuta, ku ce kafaɗa na ciwo hannu ya kumbura ga ƙuna. Asibitin Malam Aminu Kano da na ƙashi na Dala duk suna da sashen fisiyo, manyan asibitocin jiha da yawa ma suna da shi, ki tambaya a mafi kusa da ku. Wanda ke kwana da Baba yana jinyarsa shi za a tafi da shi, ki ce a koya muku aikin gida, ki nemi izini ki ɗauka a waya, sannan ku riƙa komawa duk sati biyu ko uku a duba a ƙara muku.

Baffa kuma kar ki tunkare shi a gaban mutane, ba mugunta ta sa ya kawo mutumin ba, ɗan'uwansa yake so ya ga ya tashi, wataƙila ma daga aljihunsa yake biya. Ki bi ta wajen Mama ko babban yayanku, a nuna masa ƙunar, a sa shi ya ɗora yatsansa a gurbin kafaɗar da kansa, in da hali a tafi da shi asibitin ya ji daga bakin likita. In ya ce da kunya a sallami mai tausa, a ce masa likita ya ce a dakata sai ƙunar ta warke an duba kafaɗar. In kun je kuma ki faɗa musu duk abin da aka yi wa hannun ba ɓoye-ɓoye, jan da gashin da man da aka shafa da duk wani jiƙo da aka ba shi ya sha, mutane da yawa suna ɓoyewa don tsoron a yi musu faɗa, mu kuma sai mun sani ne za mu gane ko sai an ɗauki hoton kafaɗar kafin a fara motsa ta.